Na-Sani Ya Ja Kyanwar Gwaggo

A wani bene mai hawa uku da ke bayan tashar mota, a ƙofar da ke kallon matakala a hawa na biyu, akwai wani magidanci da kowa ke kira Na-Sani. Ba iyayensa suka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. In ka ce masa an ɗauke ruwan famfo, sai ya ce, "Na sani." In ka ce masa rigarsa a birkice take, "Na sani." Ranar da matarsa ta zo da murmushi za ta gaya masa tana da cikin fari, kafin ta rufe baki ya ce ya sani, har ta nemi wuri ta zauna tana tambayarsa wa ya riga ta.

Aikinsa tsaron sito ne a wani kamfanin fenti. Da kamfanin ya sabunta kwamfutocin ofis aka raba wa ma'aikata tsofaffin, sai ya samu wata ta tebur, mai ƙaton akwati da ke gurnani kamar tsohon firji, haɗe da firinta. A ka ya hau da ita bene, yana tsayawa a kowane hawa wai yana hutawa, alhali so yake a leƙo a gani. Ya kafa ta a falo, a kan teburin da matarsa ke guga. Iliminsa a kanta bai wuce kunnawa, da wasan kati, da kashewa ta hanyar fizge waya daga bango ba. Amma in ya zauna a shagon mai askin da ke ƙasan benen ya fara bayani, sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a ƙera ta.

Mutum ɗaya yake shakka a duniya, ita ce Gwaggo, yayar mahaifinsa, wadda ta raine shi tun yana rarrafe. Yanar ido ta rufe mata gani, aka sa mata ranar aiki a babban asibiti, sai ta sauka a gidansa da jakarta da sandarta da wani kwando. A cikin kwandon akwai kyanwarta, 'yar ƙarama, fara mai dabbare-dabbaren toka, wadda take kira 'Yar Gata. Tun da mijinta ya rasu, da kyanwar nan take hira.

Ranar da za a kwantar da ita, ta laluba ta kama kunnensa a bakin ƙofa.

"Ka ga 'Yar Gata?"

"Na sani, Gwaggo."

"Me ka sani? Ban faɗa ba tukuna. Kada a bar taga a buɗe. In aka kwance mini ido, fuskarta nake so in fara gani, ba taka ba."

Da rana ya kunna kwamfuta yana wasan kati, ya dafa akwatin ya ji ya yi zafi. Ya ce na'ura irin wannan sai da iska, ya wangale taga. Da matarsa ta dawo daga asibiti da yamma, kwando na nan, kwanon madara na nan, kyanwa ta yi nata wuri.

Suka duba ƙarƙashin gado, bayan firji, cikin kwabar kaya. Matar ta zauna a hannun kujera ta dafe kai.

"Baban yara, ka san abin da likita ya ce? Bayan aikin nan ba a so ta yi kuka ko kaɗan. Hawaye zai iya ɓata komai. Yanzu me za mu ce mata?"

"Ba za mu ce komai ba, don kafin a sallamo ta kyanwa tana cikin kwandonta."

"To tashi mu ɗauki gwangwanin kifi mu zaga unguwa muna kira."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Gwangwanin kifi! A gidan da ke da kwamfuta? Ke dai ba ni hotonta. Zan buga sanarwa, gobe war haka ko jinjiri a unguwar nan ya san fuskar kyanwar nan."

Hoto ɗaya tal suke da shi, a wayar matar, 'Yar Gata zaune a kan kujera. Ya jona wayar da kwamfuta, ya yi ta fama har hoton ya ƙaura. Da matar ta duba wayarta ta ga babu shi, ya ce ai haka ƙwararru ke yi, ba a barin abu a wuri biyu yana cin sarari.

"Wannan abin da kake ta murzawa fa?"

"Ɓera ake ce masa."

"Da ɓera za ka nemo kyanwa? To, dabara ce."

Ya buɗe hoton a manhajar zanen da ta zo da kwamfutar. Sai ga wani abu ruwan hoda ya cika fuskar gaba ɗaya, da ramuka biyu baƙi ƙirin.

"Innalillahi! Mene ne wannan?"

"Hancinta ne. Hoton ne ya fi ƙarfin gilashin. Yanzu zan rage shi."

Ya danna nan, ya danna can, har Allah ya taimake shi ya faɗa kan wurin sauya girma. Wani ɗan akwati ya fito da gurbi biyu, ɗaya na faɗi ɗaya na tsayi, kowanne an rubuta ɗari a ciki, ga 'yar alamar sarƙa a tsakaninsu. Ya goge ɗari ya rubuta biyar. Kyanwa ta koma kamar ƙuda a kan faranti.

"Kin gani? Umarni ɗaya."

Don kada aikin ya gudu, ya danna ajiye.

"To ai ba a ganinta," in ji matar.

"Abin da ya ragu ai zai ƙaru."

Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Girman ya dawo, amma kyanwar ba ta dawo ba. Abin da ya fito wasu murabba'ai ne farare da masu toka, kamar tayil ɗin banɗaki, da ɗigo biyu inda idanu suke a da.

"Mayar da shi yadda yake."

"Haka yake. In kika ja da baya kika ɗan runtse ido, za ki ga ita ce sak."

Matar ta ja da baya har ta kai ƙofar kicin, ta shige, ta bar shi.

Abin da ya dame shi kuma shi ne takardar a kwance take, hoton ya tsaya a tsakiya ya bar fili dama da hagu. Na-Sani ba ya son asarar takarda. Ya ƙara faɗi, sai ya ga tsayi ma ya bi shi. Ya sake, ya sake bin shi. Ya harari 'yar sarƙar nan.

"Au, ke ce kika ɗaure su? Kowa ya ci gashin kansa mana."

Ya danna ta, ta kwance. Ya rubuta ɗari uku a faɗi. Hoto ya cika takarda daga gefe zuwa gefe, ya ajiye, firinta ta yi ta tari tana amayo kyanwa.

Da safe ya manna a sandunan wuta, da bangon kantin magani, da ƙofar mai aski, da alkawarin tukuici a ƙasa. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Na-Sani, kadan wa ya ɓata?"

"Kyanwa ce."

"Mota ce ta bi ta kanta?"

"Kai aski ka sani. Wannan shi ake kira cika shafi."

"Wallahi ta cika. Kanta na nan, wutsiyarta sai an hau mota."

Kafin azahar aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Na farko wani mai gadi ne riƙe da kare mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, ya ce tun da yake bai taɓa ganin hoto ya yi kama da dabba haka ba. Na-Sani ya ce kyanwa aka rubuta. Mai gadi ya ce shi ba rubutu ya bi ba, hoto ya bi, kuma sai an ba shi na ƙafa. Bayan shi samarin unguwa suka ji maganar tukuici, suka bazama. Duk kyanwar da ta yi kuskuren miƙa a rana sai ta tsinci kanta a buhu. Baƙa, ja, mai ciki, mai ido ɗaya, duk aka yi ta zazzage su a falon Na-Sani, shi kuwa yana tsaye da takarda a hannu kamar alƙali, yana gwada kowace da hoto yana cewa, "Ba ita ba ce. Ta gaba." Wata ta haye labule ta sauko da shi. Wata ta yi fitsari a takalmansa na zuwa aiki.

Can sai ga matar mai gidan haya daga hawa na uku, mayafi a hannu, tana huci.

"Ina kyanwata? A barandata take barci aka hau aka ɗauke ta!"

"Ranki ya daɗe, ai kuskuren yara ne. Zaɓi taki."

"In zaɓa? Kasuwa ka buɗe a gidan mijina?"

Ta sunkuci tata, ta ce maigidan zai ji komai. Matar Na-Sani ta kore sauran da tsintsiya, ta tsaya tana haki.

"Baban yara, don girman Allah, gwangwanin kifi."

"Matsalar ƙarama ce, na riga na gano ta. Faɗi ya yi wa tsayi yawa. Tsayi zan ƙara, su daidaita."

Ya ƙara tsayi. Da yake hannunsa ba ya sanin daidai, ya zarce. Yanzu kyanwa ta miƙe sama, wuya zalalo, ƙafafu kamar na tebur, kunnuwa tsaye kamar ƙaho. Ya ce wannan ta fi kwarjini. Ya buga ya fita ya manna kowace kusa da ta farko, don wanda bai gane waccan ba ya gane wannan.

Mai aski ya leƙo. "Au, biyu suka ɓata?"

"Ɗaya ce."

"To ta warke daga ciwon safe, ta kamu da wani."

Da yamma wani dattijo ya hau bene da ɗan akuya fari mai dabbare-dabbare a kafaɗa. Yayin da ake gardamar ko akuya tana iya zama kyanwa, ɗan akuyan ya cinye rabin takardun da ke kan tebur, ya fara taunar wayar ɓera. Da ƙyar aka raba su.

A nan ne aka bugo daga asibiti aka ce aiki ya yi kyau, gobe da hantsi za a sallami Gwaggo. Matar ta ce Gwaggo na ta tambaya ko 'Yar Gata tana cin abinci.

"Me kika ce mata?"

"Na ce inda take ba ta rasa ba. Ban yi ƙarya ba, ban kuma sani ba."

Na-Sani ya gyara zama a gaban kwamfuta. Ya ce ai laifin mutanen unguwa ne, idonsu bai saba da ƙaramin hoto ba. Abin da ake buƙata hoto ne wanda makaho ma zai ji shi a jikinsa. Ya tono a wurin bugawa ya gano ana iya raba hoto ɗaya a kan takardu da yawa, a haɗa su daga baya. Ya ji kamar shi ya ƙirƙiro dabarar. Ya ja faɗi, ya ja tsayi, har kyanwa ta ɗan koma siffar dabba mai ƙafa huɗu, sai dai ƙirjinta ya buɗe, kanta ya yi faɗi. Ya rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe:

KYANWA TA ƁACE DAGA GIDA. TANA DA TSORO, A YI HATTARA KADA A FIRGITA TA. TANA SON WASA DA YARA. A TUNTUƁI HAWA NA BIYU.

Firinta ta kama aiki. Tawadarta ta launi dama ta tsufa a ofis, shuɗi ya ƙare, ja ya ƙafe, rawaya kaɗai ke da sauran rai. Farin jikin ya fito rawaya, dabbaren toka ya fito baƙi. Da aka zo layin rubutu kuma sai ta fara cin takarda, ta tauna wasu ta tofar da wasu. Na-Sani ya tattara waɗanda suka tsira, ya ce mai hankali zai cike sauran da kansa.

Da sassafe, matar na fita zuwa asibiti, shi kuma ya sauka da bokitin gam da tsani. Ya zaɓi dogon bangon da ke gefen shagon mai aski, wanda ke kallon ƙofar makarantar firamare, don a nan jama'a suka fi wucewa. Ya jera takardu ya manna, ya sauko ya koma tsallaken titi ya duba. Dabbar ta fi shi tsayi, rawaya da ɗigon baƙi, idanu kamar faranti. Ƙirjinsa ya cika da alfahari. Bai tsaya karanta abin da ya rage na rubutun ba, tunda shi ya rubuta. Ga abin da ya rage:

TA ƁACE DAGA GIDA. A YI HATTARA. TANA SON YARA. HAWA NA BIYU.

Ya hau sama ya yi wanka, ya sa rigarsa mai aljihu biyu, ya zauna jiran sakamako.

Mace ta farko da ta kawo 'yarta makaranta ta karanta, ta sunkuci yarinyar ta juya da gudu, takalmi ɗaya a titi. Ta biyu ta kurma ihu. Shugabar makaranta ta fito ta gani, ta sa aka ja ƙofa aka datse da kwaɗo, aka rufe tagogi. Mai kantin magani ya sauke ƙofarsa. Kafin rana ta yi zafi, magana ta bazu cewa damisa ce, an sami wanda ya gan ta da idonsa a bayan tasha, da wanda ya ji gurnaninta tun shekaranjiya daga hawa na biyu, da wadda ta ce dama ta lura yaran gidan sun rame. Wani ya ce ai shi ya sa jiya aka yi ta hawa da kyanwoyi da akuya, abincinta ne.

Na-Sani ya ji hayaniya ya leƙo ta taga. Titi ya cika maƙil. Ga motar 'yan sanda, ga wata farar mota ta masu kula da namun daji da keji a baya, ga mutane da raga da dogayen sanduna. Ya shafa gemu.

"Gwangwanin kifi," ya ce, ya yi tsaki. "Da tana nan ta ga aiki."

Ya sauko a hankali, ya tsaya a matakalar ƙarshe inda kowa zai gan shi. Jama'a suka ja da baya. Wani jami'i mai ƙaton tumbi, da hula da ta yi masa kaɗan, ya matso.

"Kai ne na hawa na biyu?"

"Ni ne, yallaɓai. Kuma da hannuna na yi, ba wanda ya taimake ni."

"Dabbar taka ce?"

"Ta gwaggona ce. Amana aka bar mini."

"Gwaggonka! A ina kuke ajiye ta?"

"A falo. Wani lokaci ta hau gadon yara ta kwana."

Wata mata a cikin taron ta ce wayyo Allah.

"Kuna ɗaure ta?"

"Haba, yallaɓai, wa zai ɗaure ta? Gwaggo sai ta cinye mu."

"Ita gwaggon?"

"Ita fa. Ai ta fi dabbar faɗa."

Jami'in ya share gumi. "Me kuke ba ta?"

"Madara, kifi, ɗan nama. In ta ji yunwa kuma duk abin da ya gifta."

"Ta yaya ta fita?"

"Ta taga."

Duk taron suka ɗaga kai suka kalli tagar, 'yar ƙarama mai ƙarfe a tsakiya. Jami'in ya kalli bango, ya sake kallon taga.

"Wannan ta fita ta waccan?"

"Ai lokacin ba ta kai haka ba. Ni na ƙara mata girma."

"Da me?"

"Da ɓera."

Mai gidan haya, wanda ke leƙe daga barandar hawa na uku da taɓarya a hannu, ya yi ihu cewa yau ɗin nan Na-Sani zai bar masa gida. Shugabar makaranta na magana ta ramin ƙofa tana cewa a kama shi. Mai aski kuwa ya jingina da ƙofar shagonsa, hawaye na zuba don dariya, ya kasa ko ɗaga hannu ya yi bayani.

Ana cikin haka sai ga wata 'yar kyanwa fara mai dabbaren toka ta fito daga ƙarƙashin motar kejin, jikinta duk ƙura. Ta ratsa tsakanin ƙafafun 'yan sanda, ta zo ta goga kanta a ƙafar Na-Sani, ta yi 'yar ƙara.

Mai aski ya samu numfashi. "Na-Sani, duba ƙafarka. Ba ita ba ce kuwa?"

Na-Sani ya duba ƙasa. Kwana biyu ke nan yana kallon doguwa da mai wuya da rawaya, har ya manta da wadda aka kawo a kwando. Ya kalli bango, ya kalli kyanwa, ya girgiza kai irin na masani.

"Wannan 'yar firit ɗin? Ku dai kuna da ido. Ina ƙirjin? Ina launin? Irin su nawa na kora jiya. Ke, tafi can!"

Ya ture ta da gefen takalmi. Ta koma gindin bango ta zauna daidai ƙarƙashin hoton, tana lasar hannu.

Daidai nan wata tasi ta kutso tana hon. Tun kafin ta tsaya ake jin muryar tsohuwa daga ciki.

"A mayar da ni! Direba, juya! A mayar da ni wurin likitan nan!"

Matar Na-Sani ta fito tana riƙe da Gwaggo, wadda ke sanye da baƙin tabarau, tana dogara sanda tana kokawa.

"Tun daga kwanar kantin magani nake ganin abu a sandunan wuta. In na duba nan in ga dabba ta miƙe kamar igiya, in na duba can in ga ta tashi sama kamar hayaƙi. Na tambayi yarinyar nan ta yi shiru. Ya karkata mini ido! Da yanar ma na fi ganin daidai!"

Ta ɗaga tabarau, ta yi arba da bango. Sandar ta faɗi.

"Shi ke nan. Yanzu kuma komai ya kumbura." Ta juya ta ga jami'in, ta ƙura wa cikinsa ido. "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, wannan faɗin naka ne ko idona ne?"

Jami'in ya gyara bel. "Nawa ne, Iya."

"Kada ka rufa mini."

"Wallahi nawa ne."

Leɓenta ya fara rawa. Matar Na-Sani ta finciko hannun rigar mijinta.

"Za ta yi kuka. In hawaye ya zubo aikin ya lalace. Ka buɗe baki ka faɗa mata, yanzu!"

Na-Sani ya dubi taron, ya dubi 'yan sanda, ya dubi mai aski. Ya matso ya rage murya.

"Gwaggo, idonki lafiya lau. Hoton ne..."

"Ɗaga murya, kunnena ba a yi masa aiki ba."

"Hoton 'Yar Gata ne!" ya faɗa da ƙarfi, har na baranda suka ji. "Duka ukun ita ce. Na bar taga a buɗe ta fita. Ni na ja ta a kwamfuta, na ja ta tsaye, na ja ta kwance. Ba damisa ba ce, kyanwa ce, ba ta fi takalmina ba!"

Gwaggo ta ce, a hankali, "'Yar Gata ta fita?"

Jin sunanta a wannan muryar, 'yar kyanwar da ke gindin bango ta taso a guje, ta ɗare zanen Gwaggo ta haye kafaɗarta tana gurnani. Gwaggo ta riƙe ta a gaban fuskarta, ta daɗe tana kallo.

"Ashe haka kike da kyau," ta ce. "Ashe hancinki ruwan hoda ne."

"Ita ce ya kora yanzun nan," in ji mai aski. "Da ƙafa. Ya ce ba ta da ƙirji."

Dariya ta fashe daga wannan bakin titi zuwa wancan. Masu raga suka zauna a kan kejinsu suna riƙe ciki. Iyayen yara kuwa ba dariya suke ba, sai da 'yan sanda suka shiga tsakani. Jami'in ya ce Na-Sani zai bi duk sandar da ya manna wa takarda ya kankare ta da hannunsa, sannan ya shiga makaranta aji-aji ya gaya wa yara babu damisa, in ya gama ya same shi a ofis su ƙarasa maganar ɓera.

Na-Sani ya buɗe baki zai yi bayanin cewa laifin tawada ne. Gwaggo ta miƙa wa matarsa kyanwar.

"Matso nan. Rabon da in gan ka da kyau tun kana saurayi."

Ya matso ya durƙusa. Ta kama haɓarsa, ta juya fuskar dama, ta juya hagu, ta ja baya ta ƙare masa kallo da sabon idonta.

"Wannan kan fa? Haka na bar shi, ko shi ma ka sa shi a kwamfutar ka ja?"

"Haka yake, Gwaggo."

"To tunda ka iya rage abu, ka fara da shi." Ta laluba kunnen ta kama, wannan karon ba kuskure. "Ɗauki tsaninka. Bangon nan za ka fara kankarewa, ni kuma a kawo mini kujera. Likita ya ce in riƙa kallon abin da ke faranta mini rai."

Mai aski da kansa ya fito mata da kujerar aski, ya juya ta ta fuskanci bango, ya ɗaga ta sama yadda za ta gani sosai.